Inda Na Bar Yaya a Hanyar Inugu

A Mile 2 Diobu aka haife ni, a nan Fatakwal, kuma gyaran janareta nake yi har yau. Na'urar GPS ɗin na saye ta ne a hannun wani ma'aikacin jirgin ruwa da zai bar gari. Rawaya ce, girmanta bai wuce na tsohuwar wayar hannu ba, batirin tocila take ci, kuma ba ruwanta da sabis ɗin waya. Na ɗaure ta a kan babur da tsohon tiyub. Ranar da ba aiki sai in fita bayan gari, ina tafe tana zana layin inda na bi.

Yaya ɗan wan mahaifina ne, tela, da girmansa ya zo daga Kano. Ba ya jin Ibo, Turancin burokarsa ma na ciniki ne kawai. Shi ne ya kawo shawarar mu hau baburanmu bayan babbar Sallah, mu kwana a Anacha, mu wuce Inugu mu gaida baffanmu da ke limanci a wani ƙaramin masallaci kusa da kasuwar Ogbete.

Ranar farko lafiya lau. Mun kwana wajen 'yan albasa mutanen garinsu, da safe muka kutsa ta cunkoson Upper Iweka, hayaƙin manyan motoci na shiga mana ido. Bayan mun wuce Awka muka tarar da tireloli sun yi layi iya ganinka, wai hanya ta zaftare a gaba. Na duba na'urar, ta nuna wata siririyar hanya da ta ratsa ta hagu ta sake haɗuwa da titi can gaba.

"Ka tabbata tana ɓullewa?" in ji Yaya.

"Ga ta nan a zane, Yaya."

Ya leƙa, ya gyara hular kwanonsa, ya ce mu je.

Jar ƙasa ce, kuma an yi ruwa da asuba. Muka yi ta ratsa gonakin rogo da itatuwan kwakwar manja, hanya na rabuwa biyu, ta sake rabuwa, ni ina bin abin da na'ura ta ce. A wani gangare da ruwa ya zaizaye na ji ƙara a bayana. Kafin in tsaya in juyo, Yaya na ƙasa, babur a kan ƙafarsa.

Na ɗaga babur ɗin. Ƙafar daga ƙasan gwiwa ta karkace yadda ba na son in tuna. Bai yi ihu ba, salati kawai yake yi, gumi na tsattsafo masa. Na ciro waya, babu sabis. Tasa ma haka. Na gwada ɗaga shi in ɗora a bayana, ya riƙe hannuna ya ce in bari.

"Je ka nemo mota," ya ce. "Zamanka a nan ba zai ɗora ƙafar ba."

"In bar ka kai kaɗai? Ko ruwa ba za ka iya roƙo da yarensu ba."

"Allah na nan. Tafi."

Na ja shi gindin wata bishiya, na ajiye masa gorar ruwa. Sannan na danna maɓallin da ke adana wuri, ƙaramar tuta ta fito a gilashin. A nan na lura alamar batir ta kusa ƙarewa, kuma sababbin da na saya suna kan teburina a Diobu. Na haddace kwanar da ke gabana, na kashe na'urar.

Tafiyar nan zuwa titi ban san yadda na yi ta ba. Duk mararrabar da na wuce sai in waiwaya don in riƙe kamanninta, amma duk iri ɗaya ce: rogo, kwakwa, jar ƙasa. Zuciyata ta yi ta kawo mini abubuwa. In na kunna ta ƙi kamawa fa? In tutar ta goge? Me zan gaya wa matarsa, wadda ta raka mu har bakin layi tana cewa mu bi a hankali?

A bakin titi na sami wani mai a-kori-kura yana sauke buhunan garin rogo. Na yi masa bayani da Ibon da na tsinta a wajen abokan wasa tun ina yaro. Ya tambaye ni sunan ƙauyen. Na ce ban sani ba. Ya dube ni, ya dubi abin da ke hannuna, sannan ya ce in shiga gaba ya biyo ni.

Na yi bisimilla na kunna. Ta daɗe tana neman kanta kafin kibiya ta fito. Muka bi ta, ina tuƙi ido ɗaya a hanya ɗaya a kan alamar batir. Tazarar na raguwa har kibiyar ta tsaya a kan tuta.

Ga gangaren, ga babur ɗin Yaya a jingine, ga gorar ruwa. Yaya ba ya nan.

Na sauka daga babur. Na kira shi, muryata ta shige cikin gonaki ba amsa. Direban ne ya sauko ya duba ƙasa, ya nuna mini sawun baro da na ƙafafu da yawa sun nufi wata 'yar hanya. Muka bi da ƙafa.

A wani gida mai rufin kwano muka same shi, kwance a kan tabarma a baranda. Wasu mata ne da ke dawowa daga gona suka gan shi, suka sauke rogonsu suka ɗauko shi a baro. Wata tsohuwa ta tallafe ƙafar da sanduna ta naɗe da zane, tana zaune kusa da shi tana kora masa ƙuda. Da ta gan ni ta hau ni da faɗa, wai wane irin mutum ne zai bar ɗan'uwansa a rana.

"Me take cewa?" Yaya ya tambaya.

"Faɗa take mini."

"Tun ɗazu nake jin ta, na zaci ni take wa."

Muka shimfiɗa masa katifa a bayan motar, aka ɗora babur ɗinsa a gefe. Na bar wa direban jagora, don ya san wata hanyar da ta fi kusa. Da sabis ya dawo na kira Baffa. Ya saurare ni har na gama, ya tambayi wace ƙafa ce, ya ce mu wuce asibitin ƙashi kai tsaye, zai riga mu isa da mutanen masallaci.

La'asar ta yi lokacin da muka shiga Inugu. Ina biye da motar a baya, ina kallon tafin ƙafar Yaya mai lafiya yana girgiza duk sanda suka faɗa rami.