Wa Zai Riƙe Hannun Gensho Mai Awara

Ranar Litinin ta makon gasar iyo da keke da gudu ina tsugunne a ƙofar gida ina ɓare tafarnuwa, sai ga wani baƙin abu ya biyo gindin katanga yana tafiya a tattale kamar ƙaguwa. Na rarumi tsintsiya. Abu ya buɗe baki ya ce, "Yaya Tsuru, ni ne. Ki rufa mini asiri."

Gensho ne, maƙwabcina mai awara. Ya saka rigar robar nan ta iyo don gwaji, ya ja zif ɗin baya har wuya, igiyar zif ɗin ta tsinke a hannunsa. Tun hantsi yake kokawa da ita a ɗaki. Ya gwada cokali, ya gwada ƙusar bango, duk a banza. Zufa har ta taru masa a idon sawu.

Na ce, "Juya in gani. Kai, wane mai kamun kifi ne ya yar da kai a tudu?"

"Ki ja kawai."

"Tsaya in kira matar mai aski, ita ma ta ga ikon Allah."

Ban kira ta ba. Na ja zif, ya yi wata ajiyar zuciya, ya koma gida riƙe da ƙugu. Na yi dariya har tafarnuwa ta zube. Sai can da rana abin ya dawo mini: namiji mai shekara sittin da ɗoriya, gida mai ɗaki huɗu, babu mai zuge masa riga.

A layin nan aka haifi Karimata Gensho, na girme shi, na ma taɓa goya shi ya yi mini fitsari a baya. Sana'ar ubansa ya gada. Shi ke dafa waken, matarsa Haruyo ta ɗora awarar a babur ta bi gida-gida. Da Haruyo ta rasu, 'yarsu Mitsuki ta koma bakin aikinta a birnin Osaka, can ƙetaren teku, shi kuma ya rasa inda zai sa kansa in ya gama aiki. Sai ya fara gudu a hanyar gonakin rake. Muka ce baƙin ciki ne, zai wuce. Bai wuce ba, sai ma ya sayo keke siriri kamar ƙashin kifi.

Gasar nan kuwa duk shekara muna kallonta, muna miƙa wa baƙi ruwa da ayaba. Su faɗa teku da sassafe, su fito su hau keke su yi ta zaga tsibirinmu, su sauka su kama gudu har rana ta faɗi. Ni ban yi makaranta mai nisa ba, amma na san wahala in na gan ta. Abin da ke kai mu filin ƙarshe shi ne al'adarmu: in mutum ya shigo, iyalinsa ke tsallakowa su riƙe hannunsa su ƙarasa tare. Mata da jarirai, tsofaffi da sanduna, har mai zuwa da kare. Wanda ya shigo shi kaɗai, tafi ake yi masa mai yawa, irin tafin da ya fi zagi ciwo.

Bana ne karon farko na Gensho. Abokan gudunsa suka ce makon ƙarshe hutu ake yi, kada ya motsa. Hutun nan ya fi gudun cin sa. Ya goge keke, ya sake gogewa. Ya share tsakar gida har ƙasa ta yi ƙyalli. In jirgin sama ya wuce sai ya ɗaga kai ya bi shi da kallo, tsintsiya a hannu.

Ranar Laraba ya shanya katifar baƙi a kan katanga. A layinmu wannan ya fi shela, kowa ya san ana jiran wani.

Na leƙa na ce, "Gensho, amarya za ka yi ba ka gaya wa yayarka ba?"

"Mitsuki ce. Ta ce za ta duba ko za a ba ta hutu."

"Za ta duba, ko za ta zo?"

Ya ci gaba da bugun katifa kamar ita ta yi tambayar. Da yamma na gan shi ya dawo daga kasuwa da mazarƙwaila, ƙamshin fanke ya cika layi. Shi ko fanke ba ya ci, ita ce mai so tun tana ƙarama.

Ranar Juma'a, rana na tsaka, na ga ya naɗe katifar ya shige da ita. Babu hadari ko na shaida. Ban leƙa ba, ban yi tsokana ba, har matar mai aski ta tambaye ni ko lafiyata.

Asabar aka ce kowa ya kai kekensa wurin gasa ya bar shi can ya kwana. Gensho ya dawo a bas, hannu rabbana. Na ɗebi shinkafa da miyar kifi na shiga. Na same shi zaune gaban hoton Haruyo, turare na hayaƙi, ya jera mata fanke a faranti. Wurin da keken ke jingina ya yi fayau.

"An hana ta hutun," ya ce, ban ma tambaya ba. "Tsofaffin da take kula da su sun yi yawa, ma'aikata sun yi kaɗan. Ba laifinta ba ne."

"Wa ya ce laifinta ne? Ci abinci."

Ya ɗauki tsinken cin abinci ya ajiye. "Yaya, tekun ba ya ba ni tsoro. Gudun ma haka. Filin nan nake ta gani. Har na ce ko in tsaya a bakin ƙofar filin in cire lambata ta gasa in dawo gida."

Ni kuwa in tausayi ya kama ni, tsiya ce ke fitowa.

"To ai shi ke nan, ni zan zo. Zan sa rigata mai furanni, in shafa jan baki, in kama hannunka gaban duk tsibiri. Su ce Gensho ya yi tsintuwa. In ka faɗi in ja ka a ƙasa, ina gaya wa mai lasifika tarihinka tun daga yaye."

Ya kalle ni, idonsa ya yi ja. Sannan ya jawo kwanon shinkafa gabansa.

"Ki zo," ya ce. "Amma hannu kawai ake buƙata a wurin. Bakin ki bar shi a gida, ni ba zan iya jan kaya biyu ba."