Ƙuri'ar Verlene Tidwell

Shekara talatin da ɗaya Verlene Tidwell na riƙe da wayar addu'a ta cocinsu, a wani ƙaramin gari na arewacin Alabama. In an kwantar da wani a asibiti, ko tarakta ta danne ɗan wance, ita ake fara kira. Ta kira mata uku, kowace ta kira uku, kafin kofi ya huce rabin gari ya durƙusa. Ƙa'idar ma ita ta kafa: ban da gulma, ban da talla, ciwo da mutuwa kawai.

Mijinta Odell tsohon direban motar makaranta ne. Da ɓarin jikinsa ya shanye, aka kai shi gidan kula da tsofaffi na gunduma, layi huɗu daga gidanta. Kullum da hantsi tana takawa da ƙafa, don ba ta tuƙi, idonta na hagu ya daɗe da mutuwa. Ta marmasa masa burodin masara cikin madara mai tsami, ta ba shi da cokali. Magana ta ƙwace masa, amma taurin kai na nan. In ba hannunta ba, ba ya buɗe baki.

Shekarar zaɓe aka fara raɗe-raɗin za a rufe gidan, kuma majalisar gunduma ce za ta yanke. Mutum biyu ke neman kujerar yankinsu. Ɗaya Wanda Suggs, tsohuwar nas, mai sigari, aurenta biyu ya mutu, rabonta da coci tun jana'izar uwarta. Ita ta fito fili ta ce in dai tana numfashi ba mai rufe gidan. Ɗayan Royce Hembree, dillalin motoci, mai muryar waƙa da Littafi Mai Tsarki wanda bangonsa ya sha hannu. Duk cocin da ake suyar kifi ran Asabar yana can, shi ke sa wa abinci albarka, ba ya gamawa sai kifin ya huce.

Wata Laraba Verlene ta shiga ɗakin Odell ta tarar da Royce a gwiwa gefen gado, ya riƙe shanyayyen hannun, yana addu'a da hawaye. Ta tsaya da kwano a hannu, ita ma ta fashe da kuka. Tambayar na bakinta: za ka rufe ko ba za ka rufe ba? Amma a garin nan, mutumin da ya tashi daga gwiwa da jiƙaƙƙen ido ba a tare shi da tambaya kamar ana cinikin alade. Rashin tarbiyya ne. Ta haɗiye, ta ce masa Allah ya saka.

Da yamma ta karya ƙa'idarta. Ta kira matanta uku ta ce a sa Ɗan'uwa Royce a addu'a, Ubangiji ya ba shi kujerar. Ba wadda ta yi musu. Muryar da ke sanar da su mutuwa ce ta faɗa, wa zai ja? Royce ya ci zaɓen da ratar ƙuri'a arba'in da shida.

Wata biyar bayan nan majalisa ta zauna. Uku suka ce a rufe, biyu suka ce a'a, kuma hannun Royce ne na ukun. Aka kwashe tsofaffin kamar kayan gwanjo, Odell aka kai shi wani gidan tsofaffin a wani gari mai nisan mil saba'in.

Ran Lahadi Verlene ta tare Royce a ƙofar coci, wannan karon ta tambaya. Ya kama hannayenta biyu, ya karkatar da kai.

"Mama Verlene, ai ban taɓa cewa ba zan rufe ba. Amma kullum kuna cikin addu'ata."

Abin takaicin, gaskiya ya faɗa. Ba wanda ya tambaye shi.

Matan coci suka yi ta cewa za su kai ta wurin Odell, amma kowace da uzurinta. Ran Alhamis wata tsohuwar mota ta tsaya a ƙofarta, hayaƙi na fita ta taga. Wanda ce.

"Shigo, tsohuwa. Kar ki yi min wa'azi, ni ma ba zan ce ai na faɗa muku ba."

Ba su yi mil goma ba Wanda ta faɗi hakan, har sau biyu. Verlene ta ce mata ta ji, amma ta kashe sigarin nan kafin ya kashe su. Haka suka riƙa yi duk Alhamis, rana ɗaya ke nan da Wanda ba ta rainon jikokinta. Ranar Odell yakan ci har ya lashe cokali. Sauran kwana shidan ya datse haƙora, ma'aikatan su yi lallashi su gaji.

Mako bakwai ya yi. Wata Talata da azahar aka kira Verlene aka ce ya cika. Ta tambayi matar da ta kira ko akwai wani a wurinsa lokacin. Matar ta ce ranar su biyu ne kawai a kan gadaje talatin, sai da aka zo canja masa zanin gado aka gani.