Yatsa Biyu Tsakanin Falo da Ɗakin Hajiya

Wata rana wani matashin ɗan kasuwa, Alhaji Mansur, ya kira Malam Barau magini ya sa masa tayil a falo.

Malam Barau ya shekara arba'in da uku a aikin gini. Ba ya ɗaga cokalin gini sai ya yi awo.

Ya auna, sai ya ga idan aka ɗora tayil a kan tsohon daɓe, falon zai fi ɗakin Hajiya Tasalla, mahaifiyar mai gidan, tudu da yatsa biyu.

Ya ce a bar shi ya yi gangara a bakin ƙofar, mai faɗin taku ɗaya, domin ya lura tsohuwar jan ƙafa take yi, ba ta ɗagawa, idonta kuma ya yi rauni.

Alhaji Mansur ya yi dariya a gaban leburori. Ya ce gangara aikin ƙauye ne, za ta ɓata masa layin tayil. Ya sallami dattijon a ranar, ya kawo wasu da suka gama cikin kwana biyu.

Falo ya yi kyau, babu musu.

Amma daga makon nan Hajiya ta daina fitowa.

Ita da kullum bayan la'asar take zama a falo jikoki na kewaye da ita, sai ta koma cin abinci a ɗaki, alwala a roba.

Aka tambaye ta, ta ce babu komai.

Alhaji ya kawo likita, likita bai ga ciwo ba. Sai Alhaji ya yanke cewa matarsa ce ta ɓata wa uwarsa rai. Da aka cika wata uku, ya ce wa matar ta haɗa kayanta kafin Juma'a.

Malam Barau ya ji zancen a bakin masallaci. Ya koma gida, ya ɗauki ma'auninsa, ya nufi gidan da aka kore shi.

Alhaji ya tare ƙofa.

"Baba, wa ya kira ka? Ko wani aikin ƙauyen ka zo nema?"

"Mansur, matsa. Je ka ce Hajiya ta nuna maka babban yatsanta na ƙafar dama. In lafiyarsa lau, ka kira min 'yan sanda."

Ya shiga. Ya daɗe bai fito ba.

Farcen ya fita, wurin ya yi baƙi. Tun daren farko ta yi tuntuɓe a bakin ƙofar ta kifa, ta tashi da kanta, ta rufe ƙafar da safa. Ta ga yadda ɗanta yake alfahari da falon, ta kasa gaya masa cewa tsoron tudun ƙofar take ji.

Alhaji ya fito yana neman ba da haƙuri. Malam Barau bai ko dube shi ba. Ya nuna masa kwanon sarki.

"Kai za ka kwaɓa simintin. Cire agogon."

Da babbar rigarsa ya kwaɓa, matar da ya ce ta haɗa kaya tana tsaye tana kallo. Dattijon ya fasa tayil huɗu, ya ja gangarar a hankali, ya sake aunawa har sau uku.

Bayan kwana biyu aka kamo hannun Hajiya. Ta taho tana jan ƙafa, tana laluben inda za ta yi karo.

Sai da ta kai tsakiyar falo ta tsaya.

"Ina wurin yake?"

Darasi: Babban mataki kowa yana ganinsa ya ɗaga ƙafa. Ƙaramin da kuka raina shi ne yake tsare tsoho a ɗaki, kuma iyayenku ba za su gaya muku ba. Ku da kuke gina gida domin hoto, ku sunkuya ku duba bakin ƙofofinku da idon wanda ya haura saba'in.

A tura wa duk wanda yake gyaran gida alhali akwai tsoho a cikinsa, tun bai ɗora wa marar laifi laifi ba.