Kujerar Mai Aski

Mai Aski gwani ne, wannan ko maƙiyinsa ya sani. Amma a shekara uku shagonsa ya koma tamkar kango. Mutum zai zauna, a ɗaura masa ƙyalle, da Mai Aski ya sunkuyo gyaran gemu ya ce "ɗaga kai", sai mutumin ya tuna ya bar wani abu a wuta. Shi ke nan, ba ya dawowa.

Bawan Allah ya ɗora laifin a kan inji, ya sauya har sau uku. Ya sauya madubi, ya sa fanka. Ina! Mutum ɗaya ya rage masa, Kawu, tsohon direba, kuma kan mutum ɗaya ba ya riƙe shago.

Abin da ba wanda ya iya faɗa masa shi ne bakinsa wari yake, warin da ke sa ido ƙwalla. Kuma ba ƙazami ba ne, sau huɗu yake goge baki a yini. Sai da ciwon haƙori ya hana shi sakat ya je wurin likitar haƙori.

Ta leƙa, ta ja baya, ta gyara takunkuminta.

"Malam, da baki kake numfashi?"

"To da ƙafa zan yi?"

Ta nuna masa a madubi: tsoka biyu can ƙarshen maƙogwaro, 'yan wuya, sun kumbura sun kusa haɗewa. Su suka tare hanyar iska, baki kullum a buɗe, yawu ya ƙafe, haƙora suka fara ruɓewa, ga wari. Kunya ta kama shi kamar ya nutse. Ta cike haƙora uku, ta tura shi wurin likitan maƙogwaro, aka cire 'yan wuyan.

Cikin wata biyu bencin jira ya cika. Ranar da layi ya zo kan Kawu, Mai Aski ya sunkuyo.

"Kawu, kai kaɗai ka tsaya min. Hancinka ne ba ya aiki ko?"

"Wane irin ba ya aiki! Numfashi nake riƙewa, har na iya minti biyu."

"Me ya hana ka faɗa min?"

Kawu ya harari bencin.

"In faɗa maka? Shekara uku ina aski ba layi. Yau duba, tun safe nake zaune a nan."