Rakiyar Bi Somoe

Duk wanda ya yi aiki a masana'antar ɓare kashu da ke bayan garin Mtwara ya san Bi Somoe Chikawe. Shekara ashirin da shida ta yi a ofishin ma'aikata, ita ke rubuta sunan mai shigowa, ita ke karɓar takardar mai fita. Gajeruwa ce mai kauri, tafiyarta kamar ba ta son taka ƙasa, kuma ba ta taɓa shan shayi ba tare da ta yi ƙorafin sukari ba.

Aikin kashu aiki ne mai cin hannu. Man ɓawonsa yana ƙona fata ya baƙanta ta, shi ya sa mata ke shigowa kamar kasuwa, su fice kamar an tashi kasuwar. Kamfani na da takarda da mai barin aiki ke cikewa, da gurbin da aka rubuta "dalili". Cikin mata goma, tara sai su ce dalilin gida. Manyan kamfani suka yarda da haka shekara da shekaru, har suna cewa matan kudu ba sa zama wuri ɗaya.

Bi Somoe ba ilmin boko ne ya buɗe mata ido ba, tarbiyya ce. A gidansu ba a barin baƙo ya fita shi kaɗai, sai an taka masa. Wata rana wata mai suna Binti Nampunju ta ajiye aiki, sai Somoe ta ɗaukar mata jaka, ta raka ta tashar daladala, wato ƙananan motocin haya. Sai da suka wuce bishiyar mangwaro, inda ba a hango ginin, matar ta nuna mata tafin hannunta.

"Mama, wane dalilin gida? Safar hannun da suke ba mu ta maza ce. Man yana zuba ciki, yini guda hannunka na jiƙe a wuta."

Somoe ta koma ta faɗa wa manaja. Aka sayo ƙananan safa, wata uku ba wadda ta tafi. Tun daga ranar ta mayar da rakiya aikinta. A hanyar nan ta ji cewa ƙarfe shidan safe da ake fara aiki shi ne lokacin da famfon unguwa ke kawo ruwa. A hanyar nan ta ji labarin wani shugaban layi mai kiran mata da lamba maimakon suna. Ba ta rubuta komai a gabansu, kuma ba ta tambaya kafin mangwaro.

Har wani malamin jami'a ya zo daga Dar es Salaam yana binciken yadda kamfanoni ke koyo daga ma'aikatansu. Ya bi ta sau biyu, ya rubuta shafi arba'in, ya laƙaba wa abin suna mai tsawo. Da aka karanta mata, ta yi dariya har da hawaye, ta ce, "Ashe rakiya ma digiri gare ta."

Da kamfani ya bunƙasa, aka gina bene, aka mayar da ofishin ma'aikata sama, da ƙofar gilashi da na'urar sanyaya ɗaki. Aka kuma kawo Veneranda Mrope, mace mai digiri biyu da kaifin kai, don ta gaji kujerar nan gaba. Veneranda ba ta raina Somoe ba, amma tana ganin rakiya ɓata lokaci ce. Ta tsara tambayoyi goma da za a riƙa tura wa masu tafiya ta waya.

"Mama, rabin awa a rana kan mutum ɗaya? Ƙafafunki ma sun gode."

"'Yar nan, wayarki tana ɗaukar jaka?"

Abin ya dami Somoe ƙwarai, don ta san ranar da ta bar aiki, rakiya ma ta tafi, kamfani kuma zai koma kurma kamar da. Ta yi bayani, ta ba da misalai, Veneranda ta saurara cikin ladabi, ta ci gaba da tura saƙonninta. Mai hali ba ya fasa halinsa don an yi masa wa'azi.

Saura shekara uku ta yi ritaya, Somoe ta ajiye aiki. Aka yi mata walima da shinkafa da kifi, aka ba ta zane turmi biyu. Bayan an watse ta miƙa wa Veneranda takardarta, ta sauko benen a hankali tana dafa bango.

Veneranda ta duba gurbin dalili. Dalilin gida.

Ta ɗan jima tana kallon kalmomin nan biyu. 'Ya'yan Somoe duk sun yi aure, mijinta lafiyarsa ƙalau, ɗazu ma ya zo walima. Sai ta tashi, ta cim mata a bakin ƙofa, ta karɓi jakarta.

Suka yi ta tafiya. Tambaya na cin Veneranda, amma ta danne. Da suka wuce mangwaro, Somoe ta tsaya ta numfasa.

"Benen nan ne, 'yata. Gwiwata ba ta hawa, wannan ƙaramin abu ne. Amma tun da muka hau, mace nawa kika ga ta turo ƙofar gilashin nan? Mai baƙin hannu ba ta taɓa gilashi. Da can suna leƙowa su sha ruwa, su yi mini gulma. Yanzu sai ranar tafiyarsu nake ganinsu. Wata takwas ina zaune wuri ɗaya kamar mai takaba."

Kunya ta kama Veneranda, ta sauya wa jakar hannu.

"Mama, kullum muna ɗaki ɗaya. Me ya hana ki faɗa mini?"

"A ɗaki kika tambaye ni?"

Daladala ta zo, Somoe ta shiga, Veneranda ta miƙa mata jakar ta taga. Da ta koma, ba ta hau sama ba. Ta kira masu gadi biyu, ta ce su sauko mata da teburinta, su ajiye shi kusa da randar ruwa.