Kafin Ƙanƙarar Tafkin Ta Narke

Ku gafarce ni da ɗora muku damuwata.

Ɗazu na tarar maigidana Alhaji ya baje ƙugiyoyin kamun kifin da ya sayo a kasuwar Deira. Ɗanmu da ke Kanada zai kai shi tafki kamun wani ƙaton kifi, wai maski.

Alhaji ya ce, "Hajiya, saura wata biyar ƙanƙarar tafkin ta narke. Ki tanadi yaji."

Na ce, "Allah ya kai mu."

Ni kaɗai likita ya gaya wa cewa hantar Alhaji da wuya ta kai shi wata biyu. Yaron kuwa ɗan fari ne, ban taɓa kiransa a waya ba, ko sunansa ba na faɗa. Da wane baki zan ce ya taho yanzu?

Don Allah ku amsa mini yau.