Kujerar da Ba Ta San da Inna Ba

Yayanmu shi ne ɗan farin Inna, don haka tunda na yi wayo ban taɓa jin ta kira sunansa ba. "Wancan" take ce masa. In ya shigo gaishe ta a gidanmu na Bungudu, sai ta juya gefe ta kama tsintar shinkafar da ta riga ta tsince, ta amsa gaisuwar tana kallon bango. Ni da nake auta kuwa har kan cinyarta nake kwanciya ina budurwa. Muna yi wa Yaya dariya, shi ma yana tayawa, amma na san abin yana cin sa.

Shekara biyu ko uku bayan an ba mu jiha, kasuwar hatsi ta yi masa kyau, ya sayo mota 'yar Kwatano mai sauran sabunta. Kowa ya zo gidansa na Tudun Wada a Gusau sai ya sha labarin jakar iska: ɗaya a sitiyari, ɗaya a gaban mai zama kusa da direba, in an yi karo su kumbura su tare mutum. Na ce masa wannan ai ba mota ya sayo ba, katifa ce mai taya. Burinsa dai guda ne, ya ga Inna a gidan gaba, kusa da shi, ko sau ɗaya.

Bikin sunan jikar ƙanwarta a 'Yandoto ne ya ba shi dama. Inna ta nufi ƙofar baya da ƙullin daddawarta, ya tare hanya yana kallon ƙasa, ya roƙe ni in gaya mata gaba ya fi tsaro. Ta ce ita da gaba sai dai gaban Alƙiyama. Ƙanwar babanmu ta sa baki, ni ma na zuba surutuna, har ta gaji ta shiga.

Sai dai ba zama ta yi ba, ɗosana ta yi. Dama Inna ba ta da jiki, iska mai ƙarfi ma sai ta riƙe zane. Ta ɗora ɗan mazauninta a can bakin kujera, ta karkata wajen ƙofa, hannu ɗaya a kan dashbod, ƙafafunta ne ke ɗauke da ita. Bayan kujerar gaba ɗaya fili ne. Bel kuwa a lokacin babu mai ɗaura shi, balle Inna da sai ɗan farinta ya miƙa hannu ta gabanta kafin ya ɗauru. Haka muka ratsa Gusau, Yaya yana ta murmushi shi kaɗai, ni ina tsokanarta daga baya cewa kujerar ba ta cizo.

Mun kusa Tsafe wani bijimi ya ɓalle daga garke ya faɗo titi. Yaya ya taka birki, amma ina. Na ji ƙara, motar ta cika da wani farin gari mai ƙauri. Jakar Yaya ta buɗe, ya fito da ƙurjewa a hannu kawai. Ta Inna ba ta buɗe ba. Fuskarta ta daki gilas, kuma a kan idon hagu, wanda shi ne mai gani, don na dama tuni yanar ido ta rufe shi.

Daga baya Yaya ya bi diddigi wajen waɗanda suka kawo masa motar. Ashe a cikin kujerar akwai wata na'ura mai jin nauyi. In ta ji mutum sai ta bar jakar ta yi aiki, in ba ta ji ba ta ɗauka babu kowa, ba sai an yi asarar jaka ba. Waɗanda suka ƙera ta sun yi lissafin mutum zai zauna ya jingina. Ba su san akwai uwar da za ta yi tafiya daga Bungudu zuwa Tsafe ba ta saki jikinta ba. Wasu sun ce da ta buɗe ma da abin ya fi haka muni, tunda tana dab da ita kuma babu bel. Allah shi ne masani. Ni dai har yau ina baƙin cikin ba mu ƙyale ta ta zauna a inda ta zaɓa ba.

Da ta farfaɗo a asibiti, idanu a naɗe, abin da ta fara tambayata shi ne, "Wancan fa? Mi yas same shi?" Yana tsaye a bakin ƙofa, na ce lafiyarsa lau. Ta yi hamdala.

Idon bai dawo ba. Yaya ya sayar da motar, ya riƙa zuwa Bungudu kowace Juma'a a motar haya. Shi yake kama hannunta ya kai ta inuwa, ta kuma bar shi, ta ce ai ba ta ganin ko wane ne. Wata rana na ce masa to ga shi ya samu abin da yake nema, har hannu ake ba shi. Da wasa na faɗa. Ya daɗe yana kallonta tana lalube faifan shinkafa, sannan ya ce, "Da dai ta ci gaba da kallon bangonta, auta. Ai lokacin tana ganina."